Kuskuren Gwaggo Yelwa

Jama'a, ku zo ku taya ni yi wa kaina dariya. Ranar Asabar na tattara kayan wankina kaf, har da zanin gado, na ɗaure a bayan babur, na bar Gusau na nufi ƙauyenmu can bayan dutsen Kwatarkwashi. Waya ce ta ce min an kawo ruwa. Da idona na ga hoton a shafin Mai Girma Inuwar Marasa Rumfa, Allah ya ja zamaninsa ya ƙara masa caji: ga famfon burtsatse yana feshi, ga Gwaggo Yelwa, ƙanwar babana, riƙe da sabon bokiti, baki har kunne. Na ce madalla, ni da 'yan ga-ruwa sai dai gaisuwa.

Ko da na isa, famfo ko ɗigo babu, ƙadangare na tarar a kansa yana shan hantsi. Ashe ranar hoto ruwan a mota aka kawo, aka ɗura a tanki, aka ce kowa ya yi dariya. Gwaggo ta ce ita tata dariyar ta gaske ce, don ta zaci ta huta ke nan da zuwa rafi da wannan gwiwar tata mai ciwo. Kafin la'asar ruwa ya ƙare. Wallahi raina ya ɓaci, ba don wankina ba, don tsohuwar nan.

Ni fa ban raina waya ba. A da sai Gwaggo ta hau mota har Tsafe kafin ta ji lafiyar 'yarta Wasila. Yanzu kuwa, ita da ba ta san ko bihim ba, dannawa take ta zuba mata zance. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, wai saƙon murya ba ya amsawa. Sai ta ce “Ina kwana?” ta yi shiru tana jira, don a wurinta rashin tarbiyya ne ka wuce gaisuwa ba a amsa ba.

A gabana ta ɗauko waya za ta kai wa Wasila ƙara. Matsalar ita ce hoton famfon nan Wasila ta sa a kan lambarta, shi ne kuma a kan zauren “Masoyan Mai Girma”, inda Sabiru, ɗan korensa, ya kwashi lambobin ƙauye duka ya zuba ko sallama babu. Gwaggo kuwa hoto take karantawa. Sai ta danna zauren.

Ta gaisa, ta jira. Ta tambayi maigida, ta jira. Sannan ta zazzage komai, motar ruwa, dariyar umarni, har bokitin da aka karɓe bayan hoto. Waɗanda suka saurara sun ce shirun ya fi maganar zafi, kamar Mai Girma take jira ya amsa.

Magana zarar bunu. Saƙo ya zaga Bunguɗu, ya shiga tashar mota, direbobi suna sa wa fasinja. Washegari sai ga Sabiru ya durƙusa har ƙasa yana roƙon ta goge.

“Ɗan nan, ni ma ina so,” in ji Gwaggo, ta miƙa masa hannu. “Amma dubi yatsan nan, ya bushe ya yi kaushi, gilashin ba ya jin shi. Sai an jiƙa shi da ruwan famfo.”

Ya ce ta kawo ya goge mata. Ta ƙulle wayar a haɓar zani, ta ce ita ba ta ba baƙon namiji wayarta.

Injin burtsatsen da a da aka ce sai an yo odarsa daga ƙasar waje, ranar Litinin aka ɗaura shi. Gwaggo ta cika randunanta, ta wanke hannu tas, ta goge saƙon, don ita ba a san ta da saɓa alkawari ba. Saura na wayoyin mutane, wannan kuma ba yatsanta ba ne.

Maƙwabcina Malam Kamilu, mutumin wajen Wanke, tun jiya yake min sintiri. Wai in taimaka in ba su aron Gwaggo na kwana biyu, hanyarsu ma tana buƙatar kuskure.