Rasuwar Kwamfutar Yaya Maharbiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, iyalan Yaya Mai-hoto ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wadda ta cika ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan teburin cin abinci, bayan doguwar jinya ta zafin jiki. Ta rasu tana da shekara tara a gidan nan, ban da waɗanda ta yi a hannun wani kafin a sayo ta.

Marigayiya baƙa ce, mai nauyi, da tsaguwa a kusurwar hagu tun ranar da ta faɗo daga kan firji. Ba mai saurin tashi ba ce. Sai an danna ta, an je an ɗora ruwan shayi an dawo, sannan ta buɗe ido. Amma in ta tashi, to ta tashi. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, kuma abin da aka ba ta ajiya ba ta taɓa faɗa wa wani ba.

Ga waɗanda ba su san mai ita ba, Yaya ma'aikaciyar asibiti ce, shekara ashirin tana ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. Takan tsayar da mara lafiya gaban na'ura, ta ce ya ja numfashi ya riƙe, ta koma bayan bango mai ƙaramar taga ta danna. Ƙaninta Auta, mai walda a wani gari mai nisan awa tara a mota, shi ya ja ta cikin wasan nan na intanet inda kowa ke zaɓen jarumin da zai zama, a haɗu a yaƙi dodanni. Auta ya zaɓi ƙato mai garkuwa da gatari. Yaya ta gwada takobi sau ɗaya, dodon farko ya tattake ta kamar tabarma, ta ce a kai kasuwa. Ta ɗauki kwari da baka, aka sa mata suna Maharbiya.

Haka suka raba aiki shekara shida, duk Asabar da yamma. Auta ya kutsa tsakiyar dodanni su yi masa rubdugu, ita kuma ta nemi dutse ko tsohuwar katanga, taki arba'in daga wurin, ta yi ta sakin kibau. Ta san nisan da wutar dodo ke kaiwa, takan tsaya taki ɗaya bayan nan. Sau da yawa a gama yaƙi ko ƙwarzane babu a jikinta.

"Yaya, sauko ki ɗebi ganima mana, ai sun mutu," in ji Auta.

"Ka tabbata? Wancan na ga ƙafarsa na motsi."

Ta bakin marigayiya duk wannan hira ta bi. Za a daɗe ana tuna muryoyinta: fuuu na fankarta in yaƙi ya yi zafi, fiit na fitar kibiya, da ting ɗin da take yi in sunan Auta ya koma kore, alamar ya shigo. Maigidan Yaya, malamin lissafi, yakan ce shi bai taɓa samun murmushin da wannan ting ɗin ke samu ba.

Ta bakinta kuma aka fara jin tarin. Da fari Auta ya ce hayaƙin walda ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya je aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ya turo wa yayarsa. A fuskar marigayiya Yaya ta buɗe hoton. Ta ga farin abu kamar dunƙulen hannu a huhun dama, da 'yan ƙanana warwatse a na hagu. Ta sha ganin irinsa ta ƙaramar tagarta, kuma ta san wata nawa masu shi ke yi.

"Kin gani? Me ya ce?"

"Hoton bai fita da kyau ba. A sake ɗauka."

Auta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Haba Yaya. Shekara ashirin fa kina wannan aiki." Fanka na ta fuuu. "To shi ke nan. Ki dai tsaya a bayana."

Ta tsaya, amma a cikin wasan kwamfuta kawai. Wata biyar tana cewa za ta zo ƙarshen wata. Ta aika magani, ta aika sunayen likitoci, ta haɗa jaka sau biyu ta kwance. Abin da ba ta iya ba shi ne ta ga fuskarsa ta rame. A fuskar kwamfuta kuwa yana nan ƙato, kafaɗa kamar ƙofa, ko da gatarin ya fara jinkirin tashi. Wata ranar Talata tana wurin aiki matarsa ta bugo waya ta ce ya cika. Yaya ta je gaisuwa, ta kwana biyu a bakin ƙofar falo, ba ta leƙa ɗakinsa ba, ta dawo. Matar na da ciki wata shida a lokacin. Da aka haihu Yaya ta aika kaya, ta ce aiki ya riƙe ta.

Tun daga nan ciwon marigayiya ya soma. Batirinta ya daina riƙe wuta, ƙasanta ya riƙa zafi har sai an ɗora ta a kan murfin tukunya. Fankar ta koyi wani sauti, kurr-kurr sannan shiru, wanda in Yaya ta ji takan tashi ta bar ɗakin. Duk da haka kowace Asabar sai ta kunna ta. Ba ta yaƙi. Takan hau dutsen da ke wajen ƙofar birnin wasan, inda suka rabu ranar ƙarshe, ta zauna tana duban sunan Auta, toka-toka, da rubutu a ƙasansa: rabonsa da shigowa kwana kaza. Ta ga lissafin ya wuce ɗari, ya wuce ɗari huɗu. Maigida ya ce a kai kwamfutar gyara, ta ce kada wanda ya taɓa ta.

Ranar Asabar ɗin nan, rana na haska labule, Yaya na zaune da kofin shayi, sai marigayiya ta ce ting.

Kofin ya zube a cinyarta, ba ta ji zafinsa ba. Sunan ya koma kore. Ƙasan dutsen, ga ƙato mai garkuwa tsaye inda ta bar shi wata goma sha huɗu da suka wuce. Ya juya hagu, ya juya dama, ya tafi ya buga goshi da katanga, ya ci gaba da tafiya a wuri ɗaya. Yaya ta kira sunan da uwarsu kaɗai ke kiransa da shi. Sai rubutu ya fito, harafi ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ni ce, Maman Bebi."

Matar Auta ce. Ta buɗe kwamfutarsa tana neman hotunansa don ta nuna wa yarinyar, ta danna abin da ba ta sani ba.

"Ta fara tafiya. Goshinsa ne da ita. Ba ki gan ta ba." Can kuma: "Ban san yadda ake fita daga nan ba."

Wajen ƙofar birni ba wurin tsayuwa ba ne. Kafin Yaya ta amsa, dodanni uku sun fito daga kurmi sun yi kan mai garkuwa, shi kuwa yana tsaye hannu sake, don mai riƙe da shi ba ta san madannin ɗaga garkuwa ba. Yaya ta saki kibau har kwarin ya ƙare. Saura ɗaya, babban, yana ta dukansa. Maigida da ke bakin ƙofar ɗaki ya shaida cewa da idonsa ya ga Maharbiya ta diro daga kan dutse da 'yar wuƙar yankan igiya, ta ruga ta shiga tsakaninsu.

Nan fankar ta yi kurr sau biyu. Wani ƙauri ya tashi, fuskar ta yi fari, sannan ta yi baƙi. Yaya ta ga kanta a ciki, baki buɗe. Ta danna, ta jira tsawon tafasar ruwan shayi, ta sake dannawa. Mai gyara ya zo washegari, ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya cire hularsa.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da linzami wanda madanninsa na hagu ya lotsa saboda harbi, da abin sawa a kunne mai ji da ɓari ɗaya. Ta bar Maharbiya da mai garkuwa a wajen ƙofar birni, ba a san yadda ta kaya tsakaninsu da dodon ba.

Ba za a yi mata wanka ba, don ruwa bai taɓa karɓarta ba. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe za a naɗe ta cikin tsohon tawul a kai ta shagon Mai gyara, inda zai ciro faifan ajiyarta ya miƙa wa iyali, sauran jikin kuma a raba wa 'yan uwanta masu buƙata. Maigida ne zai raka ta, shi ne kuma zai karɓi gaisuwa a gida. Masu son ganin Yaya su yi haƙuri, ba za su same ta ba. Motar ƙarfe shida na safiyar ranar za ta bi. Maman Bebi ta ce ta share ɗakin Auta, Yaya ta ce a nan za ta sauka.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.