Tarwaɗar Godiyar Kaka

Wani ne a Kafanchan yake kiwon tarwaɗa a rabin durom na ƙarfe a bayan gida. Ran wata Lahadi bakinsa ya ja masa. Ya miƙe a coci ya ce ranar godiyar kaka zai kawo kifin da sai ƙarti biyu sun ɗaga. Aka yi ta tafi. Kifin nasa kuwa, kai, duk kai ne da gashin baki.

Sai ya tare Damaris, 'yar ƙanwarsa da ke karatun kiwon kifi a jami'a.

"Ke, me ke sa kifi ƙiba?"

"Kawu, akwai ƙwayoyin gado a jikinsa masu kula da kitse. In ruwa ya yi sanyi, ko abinci ya yi maiƙo, sai wasu su tashi aiki, wasu su lafa. Amma fa..."

"Ya isa! Sanyi da mai. Riƙe sauran karatunki."

Gogan naka ya hau mashin, ya ɗauko ƙanƙara buhu guda, ya juye a durom. Ya bi ta da galan na manja. Kifaye suka nutse ƙasa suka yi tsit.

Matarsa Selina ta leƙo. "Maigida, kifin nan ko motsi ba ya yi fa."

"Yana mitin da ƙwayoyin gado. Kar ki dame shi."

Washegari ma shiru, ga godiyar kaka ta ƙarato. Nan fa ya dafe kai. "Wayyo, mura ce ta kama su!"

To, mutumin da ya tashi a gonar citta, wane maganin mura ya sani? Ya daka citta 'yar garin Kwoi turmi guda, ya zuba. Ya ƙara attarugu da tafarnuwa don su yi gumi. Ya taɓa ruwa, har yanzu da sanyi. Sai ya jawo itace ya hura wuta a gindin durom.

Can sai ga kifaye sun taso ɗaya bayan ɗaya, ciki a sama, fari fat.

Ya daka tsalle. "Halleluya! Selina, zo ki ga tumbi! Har sun fara nuna mini!"

Selina ta fito da ludayi. Ta ɗiba, ta hura, ta kurɓa.

"Maigida, kiwon naka bai ji gishiri ba."