Mai Girma Ya Shiga Jego

Yau da safe na wanke farin mayafina da ruwan rijiyar gidana, don zan je gaisuwar rasuwa a unguwar Na'ibawa. Kafin ya bushe ya koma wani launi tsakanin shuɗi da ruwan hoda, irin wanda ko marinan cikin birni ba su raɗa masa suna ba. Haka na yafa abina na tafi. Ana tsakiyar addu'a wata Hajiya ta matso, ta murza bakin mayafin, ta yi mini raɗa: "Malama, wannan tsarabar Makka ce?" Na ce mata tsarabar Sharaɗa ce, in tana so ta aiko da nata ran Talata, ranar ce masaƙa take sakin shuɗi. In ja take sha'awa, sai ta bari sai Alhamis.

Ga wanda bai san unguwarmu Sharaɗa ba, a bayan kamfanoni muke. Kwatarsu ta ƙofar gidajenmu ta bi, rijiyoyinmu kuma daga gare ta suke sha. An ce mana ci gaba ne. Ni kuwa shekara da shekaru na yi ina sa yara mata suna haddace cewa ruwa ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Yanzu in na hango tsofaffin ɗalibaina sai in sake hanya. Famfo dai an yi mana alkawarinsa. Lokaci-lokaci akan zo da igiyar awo, a yi rubuce-rubuce, a kafa turaku, a tafi. Kada in yi butulci, turakun sun yi amfani, a jikinsu muke ɗaure awaki.

Abin ya fi damun maƙwabciyata Bara'atu, wadda katanga ɗaya ta raba mu. 'Yarta Hauwa ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari, kuma watanta ya tsaya. Kowa ya san abin da ke biyo baya: wankan jego safe da yamma har arba'in, kowane wanka tukunya cike. Ruwan rijiyarmu ko lafiyayyen mutum ya yi wanka da shi sai ya yini yana susa, balle mai ɗanyen jiki. Ɗan ga-ruwa kuma daga nesa yake ɗaukowa, abin da yake kawowa da ƙyar yake isar girki da alwala.

Ni da Bara'atu mun daɗe muna sa-in-sa a kan wankan nan. Na sha gaya mata ban ga dalilin da za a dafa yarinya don kawai ta haihu ba.

"Ke dai Malama boko ya ɓata ki," in ji ta. "Ke ba a yi miki ba?"

"An yi mini. Shi ya sa nake magana."

Amma ko tafasasshe ko mai ɗumi, ai sai akwai ruwan tukuna za a yi gardamar zafinsa. A nan bakinmu ya zo ɗaya.

Ana cikin haka sai ga masinja a kan keke. Ya ce an kafa Kwamitin Nazarin Amfanin Ruwa Ga Jikin Ɗan Adam, kuma ana neman mace guda mai jin Turanci, saboda hoto. Za a je wani otal can bakin teku inda ake warkar da mutane da ruwa, a gano sirrin abin a kawo wa talakawa. Wannan fa a daidai lokacin da rediyo ke ta roƙonmu mu tsuke bakin aljihu. Shugaban kwamitin shi ne Mai Girma Sarkin Za-A-Duba, wanda na taɓa ji da kunnena yana cewa wankan jego duhun kai ne, ya kamata mata su waye. Ranar nan har na ɗan ji yana burge ni. Mataimakinsa kuwa Alhaji Haka-Ne, bawan Allah da bai taɓa barin maigidansa ya ƙarasa magana ba tare da ya gaskata ta ba.

Na so in ƙi. Bara'atu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ki je. Ki riƙe masa gefen riga har sai ya ce famfo." Ta ƙulle mini goro da dambun nama a ƙasan akwati.

Jama'a, na ga teku. Ruwa ne iya ganinka, ba wanda ya rina shi, sai dai ba ya shayuwa. Turawa kwance a bakinsa birjik kamar an yi shanya. Mu muna gudun rana, su sun hau jirgi sun biyo ta. A ɗakin da aka ba ni famfo biyu ne, na zafi da na sanyi, da wani bahon wanka da zai ci raƙumi. Na daɗe a tsaye ina buɗewa ina rufewa. In ka ja igiyar bayan gida sau ɗaya, ruwan da zai wuce ya ishi gidan Bara'atu alwalar yini guda.

Abinci ne ya fara raba manyanmu da fara'a. Aka ajiye wa kowa ganye ɗanye da gutsuren kifi ba gishiri ba yaji. Alhaji Haka-Ne ya naɗe hannun riga ya zauna yana jiran a kawo tuwon. Da aka zo kwashe faranti ya gane an gama. Likitan otal, wani dogo mai farar riga, ya bayyana mana cewa babu nama, babu mai, babu taba, babu goro, don a wanke jiki daga ciki. Mutanen da a Kano ba a isa a hana su wucewa a layin mai ba, sai ga su suna gyaɗa kai kamar 'yan aji ɗaya.

Kashegari aka shiga aiki, maza ɓangarensu, mata namu. Wata yarinya mai ladabi ta shafe ni da baƙin taɓo tun daga wuya har tafin ƙafa. Ta wanke ni. Ta sa ni a wani ɗaki da turiri ya cika shi har ba ka ganin hannunka. Daga nan ta tsoma damin ganye a ruwan zafi ta shiga fyaɗa mini a baya. Ta kwantar da ni a kan wani dakali da ake hura masa wuta ta ƙasa. Ta miƙo mini wani abu mai kauri a kofi, da ɗan gishiri-gishiri da bauri. Ina kurɓa dariya ta ƙwace mini har yarinyar ta tsorata. Na ce mata da Hausa, "'Yar nan, saura ki miƙo jaririn."

Ta bayan bango kuwa ina jiyo Mai Girma yana nishi, yana cewa a ƙara, a ƙara ta wajen kwankwaso. Da yamma likita ya yi mana bayani da Turanci mai tsawo, wai zafin yana buɗe jiki ya kori sanyin da ya maƙale a gaɓoɓi. Maganar Bara'atu ce sak. Bambancin kawai ita ba ta da farar riga. Zan faɗi gaskiya, gwiwoyina sun ji daɗi, kuma ruwansu ba ya saɓule fata, kana iya tsoma gwiwar hannu ka bar ta.

Zaman kwamiti dai ba a yi ba. Duk lokacin da na nemi Mai Girma, ko yana cikin taɓo, ko yana cikin turiri, ko yana barcin gajiya. Sai ana gobe za mu taso, bayan la'asar, na same shi a baranda naɗe da tawul yana kallon teku kamar maraya. Na zauna nesa kaɗan, na kwance ƙullina, na ɓare goro fari. Ƙarar ɓarewar kawai ya ji ya waiwayo.

"Hajiya Malama, wannan ba goro ba ne?"

"Shi ne, ranku ya daɗe. Amma likita ya hana ku."

"Likita ba ya nan."

Na miƙa masa ɓari. Ya tauna ido rufe. Da ya dawo hayyacinsa na kawo maganar famfonmu, da Hauwa, da launin rijiya. Ya ce lallai wannan abu ne da za a duba. Daga nan ya koma kan abin da ya dame shi. Ciwon baya ne ya yi shekaru yana cinsa, an kai shi har ƙasar Turawa ba a dace ba, sai a nan ya samu ya yi sujada ba tare da an ɗago shi ba. Likita kuma ya ce in bai ci gaba da yi har wata guda da wani abu ba, ciwon zai dawo. Ga shi dole gobe a koma.

"Ina tunanin kwamiti ya ba da shawara a gina irin wannan otal a Kano," in ji shi.

"Kafin a gina ai bayanku ya gama lalacewa. Kuma akwai shi a Kano."

"A ina?"

"A Sharaɗa. Wata ƙwararriya ce. Turirin, ganyen, kunun, duk tana yi."

"Baturiya ce?"

"Ta riga Baturiya fara aikin. Mijinta ne ke yi wa maza, ita tana ba da umarni ta bayan zana. Nata tsarin kwana arba'in ne. Sai dai fa yana cin ruwa, kuma mai tsabta. In aka yi muku da na rijiyarmu, za ku shiga ofis shuɗi."

Ya ƙara tauna goronsa. Sannan ya ce ruwa ba matsala ba ne, akwai tanka. Abin da yake so kawai kada maganar ta fita. Ni ma ga shi ban faɗi sunansa ba.

Da na dawo na zayyana wa Bara'atu, sai ta saki muciya ta dube ni.

"Namiji? Wankan jego? Me ya haifa?"

"Kwamiti."

Mijinta Malam Gwadabe, wanda ke hura tukunyar injin a masaƙa, ya ce shi fa bai taɓa wanke ƙato ba, kuma in hannunsa ya yi nauyi aka ɗaure shi, wa zai ci da gidan? Na ce masa ya ɗauka tabarma yake kakkaɓewa, mai ita kuma ya ce a ƙara. Ya yi tsaki, amma da yamma na ji shi yana kafa zana a bayan gida.

Bayan 'yan kwanaki Hauwa ta sauka lafiya, namiji, tanka kuma ta fara zuwa. Kullum da sassafe direba zai cika durom-durom ɗin Bara'atu, ragowar kuma ba ya son ya koma da kaya, sai ya saki tiyo unguwa ta tara bokiti. Can sai baƙar mota ta tsaya a bakin masaƙa kamar an zo duba aiki, wani mutum ya fito ya rufe fuska da hirami, ya bi lungu ya shige gidan Gwadabe. Ba a jimawa sai ka ji ganyen darbejiya yana sauka, fyat, fyat, da murya tana cewa, "Madalla, Malam Gwadabe. Ta hagu."

Sirri dai ya tsaya sirri, wato duk Sharaɗa an sani ba wanda ya faɗa. Abokan aikin Gwadabe sun dame shi da roƙo ya bar musu aikin fyaɗar ko na safiya ɗaya ne. Wani daga kamfanin fata na Calawa ya aiko cewa shi zai yi kyauta, har ganyen zai zo da shi.

Ni kuma na sami abin da na daɗe ina nema ba tare da na buɗe baki ba. Babba ba a ba shi saura, don haka tafasasshen ruwan farko na Mai Girma ne. Kafin a zo kan Hauwa ya huce ya zama mai ɗumi. Kunun kanwa ma shi yake shanye rabin tukunya, a kofin tangaran. Bara'atu tana ta mita wai yarinya ba za ta gasu ba. Yarinya kuwa ga ta nan shar, tana ci tana sha tana dariya.

Shekaranjiya aka kusa yin ɓari. Hauwa ko rabin wanka ba ta kai ba, Mai Girma ya fito daga zana yana miƙa, ya ce shi fa ya ji garau, yana ganin daga yau ya gama. Ina tsakar gidan na zo ganin jariri. Na ga Gwadabe ya tsaya da ganye a hannu. In mutumin nan ya daina zuwa, tanka ta daina, Hauwa ta koma rijiya.

Bara'atu ta yi gyaran murya daga ɗaki. "Ranku ya daɗe, ba a yanke wanka. Duk wanda ya yanke kafin arba'in, sanyi ne zai shige shi, ya kumbura tun daga ƙafa har fuska. Na ga wadda aka yi wa haka, sai da aka yanka zobe a hannunta."

Ya dubi zobensa. Ya juyo wajena. "Hajiya Malama, ke mai ilimi ce. Gaskiya ne?"

Maganar da na yi rabin rayuwata ina ƙaryatawa ke nan, a aji da wajen aji. Hauwa tana bakin ƙofa da ɗanta a kafaɗa, ta zuba mini ido.

Na ce, "Ranku ya daɗe, littattafai ba su yi bayani a kan maza ba. Ni dai ba zan so a fara gwadawa da ku ba."

Jiya ya riga tanka isowa.

Saboda haka Hauwa za ta cika arba'in ɗinta da ruwa mai tsabta, albarkacin kwankwason hukuma. Muna yi wa Mai Girma addu'ar samun lafiya, amma a sannu, kada a yi gaggawa. Abin da ya rage mana shi ne Ladidi ta ƙarshen layinmu, ita ma cikinta ya tsufa. Sai dai na ga hoton Alhaji Haka-Ne a jarida wajen buɗe wani gini, ya dafa gwiwa yana hawan matakala, fuska a yamutse. Na riga na aika a gaishe shi da jiki.