Barista Sai-Na-Duba da Malalacin Lauyan Ƙarshen Layi

A duk lauyoyin da ke harkar cinikin gidaje a garin nan, babu na biyun Barista Sai-Na-Duba. Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne, shi da bakinsa ya sha faɗa. Shekara ashirin da shida yana aikin, ba a taɓa samun wanda ya sayi gida ta hannunsa ya dawo yana kuka da gidan ba. Masu hassada suna cewa ai sai mutum ya shiga gida kafin ya yi kuka da shi. To, su dama ba sa rasa abin cewa.

Ofishinsa yana hawa na biyu, saman wani shagon gyaran waya. Da ka tura ƙofa, takardun shaida ne za su fara yi maka maraba, guda tara a jikin bango, har da ta wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyu da ya halarci rabinsa. A kan teburinsa akwai faranti uku na ajiye takardu. Na farko an rubuta masa Shigowa, na biyu Fita, na uku Ana Nazari. Farantin Fita sakatariyarsa ke goge masa ƙura duk ranar Litinin. Na Ana Nazari kuwa sai da aka kira kafinta ya ƙara wa teburin ƙafa a wannan ɓangaren.

Sunan nasa ma daga bakinsa aka ɗauko shi. Ka tambaye shi yaushe za a sa hannu, ya ce sai na duba. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce sai na duba, alhali ga agogo a hannunsa.

Kafin lauya ya bar mutum ya sayi gida, akwai bincike biyar da ake nema daga ofisoshin hukuma: ko wurin yana ambaliya, ina magudanar ruwa ta bi, ko ana shirin fitar da titi ta tsakar gidan, ko an taɓa haƙar wani abu a ƙarƙashin ƙasar, da kuma inda iyaka ta tsaya. Ƙananan lauyoyi, waɗanda ba su san darajar aikin ba, sukan aika da buƙatun biyar ɗin rana guda, bayan wata ɗaya su karɓi amsa. Barista yana ganin wannan ganganci ne tsagwaronsa.

“Bincike ɗaya-ɗaya ake yin sa,” in ji shi, yana zagaya tebur hannuwa a baya. “Ta yaya zan tambayi magudana alhali ban san matsayin ambaliya ba? Ai hankali ba ya rabuwa gida biyar. Mu da muka yi karatun abin, mun san sakamako sai an bar shi ya kwana biyu a kan tebur kafin a fahimci abin da yake nufi.”

Sai dai akwai wata 'yar matsala da ba ta kai ta dami babban mutum ba. Kowane sakamako wata uku yake yi ya daina aiki. Kowane bincike kuma wata guda yake ci. Saboda haka duk ranar da na biyar ya iso, na farko da na biyu sun riga sun mutu, sai a sake nemo su. Kafin su dawo, na uku ya bi sahu. Haka fayil zai yi ta zagaye a ofishin nan kamar jakin niƙa, Barista kuma yana samun abin nazari.

A cikin wannan zagaye wata ma'aikaciyar jinya ta faɗo. Ta samu wani ɗan gida mai ɗaki biyu, ba bene, na wani tsohon malamin makaranta. Ba don ƙawa take neman sa ba. Mahaifiyarta ce ƙafafunta suka daina ɗaukar ta, su kuma suna haya a hawa na huɗu, a ginin da ba shi da na'urar hawa. Tun da ciwon ya kama tsohuwar ba ta sauko ƙasa ba sai ranar asibiti, a goye. Wata bakwai ke nan 'yar tana zuwa ofishin duk Laraba bayan ta tashi daga aiki, ta zauna a kujerar baƙi da jakarta a cinya.

“Yallaɓai, don Allah ina aka kwana?”

“Madalla da wannan tambaya. Ina miki albishir, gidanki ba ya ambaliya.”

“Ai ka faɗa min haka tun watan farko.”

“Wancan tsohon rashin ambaliya ne, 'yata. Wannan sabo ne.”

Ta ce Mama kullum sai ta tambaye ta yaushe za ta zauna a ƙofar gida ta ga mutane suna wucewa. Barista ya cire tabarau ɗinsa, ya nuna tausayi daidai gwargwado, ya ce ta gaishe da Mama, ta kuma gaya mata tana hannun ƙwararre. Matar ta sauka matakala tana share ido da gefen mayafi. Abin da ban tausayi ƙwarai, amma shi a ransa ya ɗauka hawayen godiya ne.

To, shi ma Barista a wannan shekarar ƙaura yake shirin yi. Ya ga wani gida a kan tudu, mai lambu da baranda, na wani injiniya da aka yi wa canjin wurin aiki. Ba wanda bai ji labarin barandar nan ba, har mai gyaran waya na ƙasa ya san faɗinta. Da yake bai yarda da kowane lauya ba, shi ya riƙe cinikinsa da kansa, ya kuma kammala bincikensa biyar cikin wata guda, duk a rana guda ya aika. Idan aka yi masa maganar, sai ya ce likita ai ya san jikinsa.

Amma ba zai iya shiga gidan tudu ba sai ya sayar da nasa. Mai sayen nasa wani mai kantin magani ne, shi ma sai ya sayar da nasa tukuna. Haka cinikin gidaje yake, layi ne, kowa yana riƙe da rigar na gabansa, kuma kowane lauya na kusa da shi kawai ya sani. In na ƙarshen layi bai motsa ba, ba mai motsi. Wata biyar matar Barista tana zaune cikin kwalaye, tana girki da tukunya ɗaya don sauran an ɗaure su. Kullum amsar lauyan mai kantin magani ɗaya ce: ana jiran wani lauya can ƙasa.

Rannan injiniya ya aiko da saƙo. Ya gaji. Ya ba da sati biyu, in ba a kammala ba ranar Juma'ar ƙarshe, akwai wani mai so.

Ran Barista ya ɓaci matuƙa. Ya kira sakatariya, ya ce ta ɗauki biro. Ya tsaya gaban gilashin kabad ɗin littattafai, inda yake iya ganin kansa, ya fara shifta.

“Zuwa ga lauyan da ke ƙarshen wannan layi, ko wane ne shi. Malam, irinku ne kuka zubar wa aikin nan mutunci. Kana zaune a kan fayil kamar kaza a kan ƙwai, iyalai suna kwana cikin kwalaye saboda lalacinka. Idan aikin ya fi ƙarfinka, akwai sana'o'i da yawa a duniya. Ka kammala kafin Juma'a ta sama, ko mu haɗu a gaban kwamitin ladabtarwa.”

Ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, don a ganinsa abin da ya fito daga bakinsa ba ya buƙatar dubawa. Wasiƙar ta tafi wurin lauyan mai kantin magani. Shi kuma ta yi masa daɗi, ya cire kan takardar Barista ya ɗora nasa, ya tura wa lauyan da ke ƙasa da shi, wato na mutumin da ke sayen gidan mai kantin. Mutumin nan kuwa wani tsohon malamin makaranta ne mai son komawa kusa da jikokinsa. Lauyansa ma ya sauya kan takarda, ya tura gaba.

Kwana huɗu bayan haka, sakatariya ta buɗe wata ambulan, ta karanta layin farko, nan take ta gane wasiƙar. Ai ita ta buga kazar nan da ƙwanta. Ta shiga wurinsa da takardar a hannu.

“Ranka ya daɗe, wannan wasiƙar...”

“Miƙo.”

Ya karanta. Wuyansa ya kumbura, kunnuwansa suka yi zafi. A shekara ashirin da shida ba a taɓa yi masa irin wannan rashin kunya ba.

“Ranka ya daɗe, ina ganin ka bari in yi maka bayani, ai ita ce...”

“Ba a katse ni ina tunani. Kin san wannan.”

A daidai lokacin, fayil ɗin ma'aikaciyar jinya yana gabansa. An duba gidan nan sau biyu ta kowace fuska, ba ambaliya, ba titi, ba rami. Saura bincike biyu da suka tsufa, kuma da ya aika da su tare a ranar, ya nemi a gaggauta, da sun iso kafin Juma'a, tsohuwa ta sauko ƙasa, shi kuma ya hau barandarsa. Amma ina, an taɓa martaba.

“Rubuta. Zuwa ga ɗan gaggawar da ke saman wannan layi. Yaro, na ga takardarka, kuma na gane daga salonta cewa ba ka daɗe da barin makaranta ba. Ni ba a yi min barazana. Kwalayen iyalinka matsalarka ce. Domin ka san da wa kake magana, na ƙara bincike na shida a kan saiwoyin bishiyar da ke bayan gidan, kuma zai zo a lokacinsa.”

Sakatariya ta buga, tana taɓe baki. Tana da 'ya'ya uku, aiki kuma ba a tsintar sa a titi.

Ranar Juma'ar ƙarshe abubuwa uku suka iso ofishin kusan tare. Na farko saƙon injiniya, cewa ya sayar wa wancan. Na biyu ma'aikaciyar jinya, ba ranarta ba, ba ta kuma zauna ba. Ta ce malamin makaranta ya fasa, tunda gidan da zai koma ya faskara. Ta ce jiya da ta gaya wa Mama, sai tsohuwar ta roƙa a juya mata kujera ta fuskanci taga. Ta karɓi takardunta, ta dube shi ido cikin ido, ta ce Allah ya isa, ta fita ba tare da ta rufe ƙofa ba.

Barista bai samu zarafin jin zafin wannan ba, don na uku yana hannunsa: amsar malalacin lauyan ƙarshen layi, wadda ta hawo ta hannun lauyoyi biyu. Ya karanta a tsaye. An kira shi yaro. An ce kwalayen iyalinsa matsalarsa ce. Saboda saiwar bishiya aka raba shi da baranda.

“Yau sai na san ko wane ne wannan jahilin,” in ji shi. “Nemo min sunansa da adireshinsa. Sai na ga an ƙwace masa lasisi.”

Sakatariya ta je teburinta ta ɗauko kwafin wasiƙu biyun da ta buga, ta jera su kusa da biyun da suka shigo, ta juya su su fuskance shi. Ya sa tabarau. Ya bi layi-layi da yatsa, daga hagu zuwa dama, daga dama zuwa hagu. Ya duba sa hannun da ke ƙasan kwafin, mai doguwar jelar nan da ya ɓata shekaru yana gyarawa. Wayarsa ta fara ruri a kan tebur, matarsa ce, tun safe take jiran a ce mata motar kaya ta taso. Bai ɗauka ba. Ya zauna a hankali, ya yi gyaran murya sau biyu.

“Ko ba komai,” ya ce, “duka biyun an rubuta su da ƙwarewa.”

“Haka ne, ranka ya daɗe,” in ji sakatariya, ta ɗauki biro. “Ƙarar da za mu kai kwamitin ladabtarwa fa, yau za ka sa hannu, ko sai ka duba?”