Yadda Ake Neman Aure a Samarkand Bisa Tsarin Ɗawisu

Zauna, ɗana, ka kwantar da hankalinka. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a unguwarmu, kuma na ba ka tabbaci: in ka bi matakan nan a tsanake, gurasar da za ka kai gidan su yarinya ba za ta dawo lafiya ba. Karya ta za a yi, alamar an ba ka. Tsohon ɗalibina Davron, mai gyaran agogo, ya gwada su a kan Zebo 'yar Ergash-aka ("aka" laƙabin girmamawa ne a wurinmu), wadda ya daɗe yana so bai iya faɗa ba. Da shi za mu yi misali.

1. Sallami goggonninka

Al'ada ta ce mata ke zuwa tambaya. Kimiyya ta ce namiji ke nuna kansa, mace ta zaɓa. Ka taɓa ganin ɗawisu ya aiki goggonsa?

Goggonsa Muhabbat har da kuka: "Davron, ka haukace? Da ƙafarka za ka je, kamar mai gyaran famfo?" Ya karɓe ƙunshin gurasar daga hannunta cikin ladabi. Kai ma kada ka bar ladabi.

2. Daidaita fuskarka

Mata, in ji masana, suna son fuskar da damanta ya yi daidai da hagunta. Davron ya ga gashin bakinsa ya ɗan rinjaya dama, ya rage. Sai hagu ya rinjaya. Kafin azahar babu gashin baki. Ba laifi: babu da babu, ai daidai suke.

3. Yi wutsiya

Wutsiyar ɗawisu nauyi ce marar amfani, kuma amfaninta ke nan: tana shaida cewa mai ita ya iya ɗaukar wahala. Davron ya saka alkyabbar auduga uku, ɗaya a kan ɗaya, a tsakiyar zafin Yuli, ya saɓa kankanar da ta fi kowace girma a kasuwa.

Ergash-aka ya buɗe ƙofa, ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, zazzaɓi ne, ko gobara ce ta tashi a gidanku ka kwaso kaya?"

In an yi maka irin wannan tambaya, to an lura da kai. Rabin aiki ke nan.

4. Karanta shayi da idon ilimi

Tsofaffi suna cewa ɗan shayi a gindin kofi girmamawa ce, wai don a yi ta ƙara maka. Cikakken kofi kuwa, sha ka tashi. Ka yi musu uzuri, ba su yi karatu ba. A duk duniyar dabbobi, wanda aka so shi ake cika wa.

Zebo ta shigo da buta, ta ga curin auduga yana tsiyayar gumi a kan shimfiɗar mahaifinta, ta cika kofi har yana zuba. Davron ya shanye, ransa fari fat. Ta sake cikawa. Ya shanye. Daga ƙarshe ta dire masa butar gaba ɗaya.

"Baba, wannan baƙon kurma ne?"

"A'a, 'yata, mai ilimi ne."

Nan Davron ya sulale ya suma.

5. Tsare mutuncinka

Ya farfaɗo a gindin inabi, an tuɓe masa alkyabbobi, daga shi sai 'yar shara. Zebo na tsugune tana yi masa fifita.

"Au, kai ne a ciki? Mai agogon bakin kasuwa, wanda ba ya iya kallona? Davron-aka, ai da ka zo haka tun farko."

Ta zuba shayi ɗan kaɗan, kurɓi biyu, ta miƙa masa da hannu bibbiyu, kanta a sunkuye. Ergash-aka ya yi gyaran murya, ya jawo ƙunshin gurasa, ya fara kwancewa.

Davron ya leƙa kofin. Ɗazu buta guda, yanzu kurɓi biyu! Ya tuna darasinsa, ya gane darajarsa ta faɗi. Ya miƙe, ya warce gurasarsa kafin a taɓa ta, ya ce, "An gode. Ni ba a yi mini rowa."

Ka ga ɗalibin kirki. Gurasar ta dawo lafiya, amma da hannunsa ya dawo da ita, don haka ba ta shiga lissafin alkawarina ba.

A kula

Duk abin da ya biyo baya, suma ne, tsinuwar goggo ce, ko zaman gwauro, ba ruwan malam. Mai ƙorafi ya kai wa ɗawisu. Ni dai tawa matar, goggona ce ta nemo mini.