Yadda Gidan Yunwa Yake

"…da gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, amarya. Ina tsufa?"

"Tsufa na gidanku. Mi ne ne wanga buhu mai wari da ka ɗauro mini?"

Jabiru ya jingine moto, wato babur, a gindin tsamiya, ya sauke buhun a gaban kakarsa Ummul-Khairi. Tun da hantsi ya baro Malanville zuwa Madekali. Wasu masu shirya wasan tele ne suka ɗauke shi aikin nemo musu wuri, za su yi fim a kan shekarar yunwa, lokacin da mutane suka riƙa ƙetaro kogi da ƙunshin kaya a ka. Gida shida ya nuna wa mai shirin, duk ya ƙi, ya ce ba su ba shi tsoro ba. In Juma'a ta yi bai samo ba, wani za a ba aikin.

"Sadakinki ne na kawo," in ji Jabiru. Ya zazzage buhun: tsummoki, fasassun ƙore, da ƙoƙon kan saniya.

"Daidai ƙarfinka ke nan. Mijin da ko goro bai iya saye."

"Da wane haƙori za ki ci goron? Biyu suka rage, su ma ba su gaisawa."

"Sun ishe ni in cije ka. Hwaɗi abin da ya kawo ka."

"Gidanki nike so, kwana uku. Mai fim ya ce a samo mishi gidan da mutum zai gani a tele ya ji hanjinshi ya ƙulle. Na ce ina da mata a Madekali, ita da gidanta duk kango ne. Ga rumbu ya tsage, ga katanga ta zube. In ya so ke ma sai ki zauna a ƙofa, ba sai an yi miki kwalliyar wahala ba."

"Kai za su sa, mai wuya kamar na zalɓe. To tarkacen ga hwa?"

"Watsa su za mu yi a tsakar gida. Kan saniya a bakin rumbu, alamar mutuwa ke nan. Haka aka yi a sinima."

Tsohuwa ta sa sanda ta juya ƙashin, ta daɗe tana kallonsa. Jabiru ya jira zagi.

"Wa ya ce maka ƙashi na kwana a ƙasa shekaran nan?" ta ce. "Dakawa muka yi, muka dahwa. Fatar da muke zama a kai ma ta shiga tukunya."

"To, tsummokin…"

"Kai da mai fim ɗinka duk a ƙoshe aka haife ku, shi ya sa wauta ta yi muku yawa. Gidan yunwa ba ya datti. Kullum sai mun share gindin rumbu, mu sheƙe ƙasar ko za a tsinci ƙwayar gero. Tsakar gidan ga ta yi fes kamar ta masallaci. Babu kashin kaza, don babu kazar. Babu ƙuda. Tukwane a wanke, a kife, a jere. In ka shiga gida ka gan shi tsaf haka, kada ka tambayi mai gida lahiya."

Jabiru ya dubi tsakar gidan, ga kaji na tono, ga tsaki a zube kusa da turmi. Ya yi ƙoƙarin ya maido da wasa.

"Ashe ƙazantar ga taki arziki ce."

"Arziki ce mana, mara kunya. Ka ce ma mai fim ya kashe kiɗanshi kuma. Shekaran nan, garin ga duka ba ka jin daka. Wadda ta samu ɗan hatsi, zane take naɗa wa taɓarya, don kada maƙwabta su ji. Ni na yi. Maƙwabciyata na bayan katangar can da ɗiya uku, ina jin kukansu, ina daka a hankali."

"Kaka…"

"Yau kuma Kaka na koma? Har ka sake ni?"

Ta dafa sanda ta miƙe, ta shiga ɗaki. Jabiru ya ji tana jan akwati. Da ta fito, wani ɗan ƙoƙo ne a hannunta, bai wuce tafin hannu ba, ya yi baƙi don daɗewa.

"Na Nafisat ne. Ƙanwar babanka."

"Baba ba shi da ƙanwa."

"Ya yi, shekara biyu da wata huɗu. Hatsin da na ɓoye bai kai mu kaka ba."

Jabiru ya karɓa da hannu biyu. Shekararsa talatin yana shiga gidan nan, bai taɓa jin sunan ba. Sai ya durƙusa ya fara mayar da tarkacensa cikin buhu.

"Ku zo," ta ce. "Ku share gidan, ku kai kajin maƙwabta. Ƙoƙon ga ku kife shi a bakin ƙofar ɗaki, shi ɗai. Kada kowa ya yi kuka a gabanshi, mu ba mu da ƙarfin kuka."

"Kin ci ni, amarya," in ji Jabiru. "Aikin ma ke ya kamata su ba."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Ni dai in ƙoƙon ga ya tsage a hannunka, ka taho mini da takardar sakina."