Rasuwar Dattijo, Faifan Ajiyar Malam Kwafi-Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta rasa inda za ta ɓuya, mai kula da kwamfutocin shagunan layinmu, wanda aka fi sani da Malam Kwafi-Biyu, yana sanar da rasuwar faifan ajiyarsa, Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin ofis, tsakanin kofin shayi da cajar waya, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Marigayin baƙi ne, bai wuce tafin hannu ba, ga haƙuri ga riƙon amana. In an jona shi sai ya ce zuuu a hankali, ya kunna 'yar fitilarsa, ya kama aiki. Ya sha zafi, ya sha ɗaukewar wuta, ya taɓa faɗowa daga kan babur bai ce uffan ba. A cikinsa ayyukan mai kemis suke, da zanen mai buga kati, da hotunan Baba mai hoto, surukin Malam.

Shi kuwa Malam ba a banza ya samu laƙabin nan ba. Duk shagon da ya shiga sai ya ɗaga yatsu biyu, ya yi ta jan kunne a kan kowane aiki a yi masa kwafi a wani wuri daban. Har mai shayi ya sha wannan wa'azi, bawan Allah da ko kwamfuta bai taɓa taɓawa ba.

Ciwon ajali ya fara da wata 'yar ƙara, kyat, kyat, kyat. Malam ya ce kebul ne, ya canja. Ko a jikinsa, ai akwai kwafi! Sai da numfashi ya tsaya ya tashi neman kwafin, nan gumi ya karyo masa. Ashe ranar da ya sayo Dattijo ya raba cikinsa gida biyu, gefe na aiki, gefe na kwafi, da niyyar ya lallaɓa haka kafin ya sayo na biyu. Ya manta. Shekara da shekaru manhaja tana nuna masa koriyar alama, tana kwashe kaya daga wannan gefe zuwa wancan, kamar ɗaki ɗaya da aka raba da labule. An kai gawar wurin masu gyara, suka jijjiga ta a kunne, suka ba shi haƙuri.

Marigayin ya bar kebul ɗaya, da jakarsa, da ƙanin da ba a taɓa sayowa ba. Mai kemis ya yafe. Mai buga kati ya zazzaga masifa har ya gaji, kuma wallahi an fi jin daɗin nasa.

Saura Baba. Bara Malam ya lallashe shi aka ɗauke tsofaffin hotunansa a na'ura, aka ƙone kwalayen da gara ta fara ci. A ciki har da hotunan marigayiya Inna, matarsa, uwar matar Malam, duk hoton da aka taɓa ɗaukarta. Baba ya tsaya da ashana a hannu yana tambaya ko an tabbata. Malam ya ɗaga masa yatsu biyu.

Matar Malam ta ji labari. Ba ta yi faɗa ba, ta ajiye masa abinci, ta tambaye shi ranar da zai je wurin Baba. Tun daga lokacin kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar. Za a ɗauki gawar a kwali zuwa shagon Baba, wanda har yanzu bai sani ba, don ko jiya ya aiko a wanke masa babban hoton Inna zai rataya a falo. Ba a buƙatar zaman makoki. Roƙo ɗaya iyalan ke yi: duk mai hoton da Inna ta fito a ciki, ko a bikin wani ne, ko a sahun baya, ko rabin fuska ne, don girman Allah ya kawo kafin la'asar.